Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Buhun Riɗi: Ina Rarar Manomin Ɗanbatta Take Tafiya?

Duk wanda ya san kasuwar Ɗanbatta ta ranar Lahadi ya san fuska biyu gare ta. Daga watan Oktoba zuwa Disamba manomi ne mai kawo kaya: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, a kan babur, a amalanke, a bayan a-kori-kura. Kaya ya yi yawa, mai saye yana yanga, farashi yana ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma shuka ba ta nuna ba, sai ka ga manomin nan dai ya dawo janye da akuya, ya sayar a kara, ya zagayo layin 'yan hatsi ya auni kwano biyu ko uku na geron da wataƙila daga gonarsa ya fito, a kan kuɗin da ya ɗara wanda aka ba shi nesa ba kusa ba. Tsakanin farashin kaka da na damina akwai riba mai kauri, kuma kowace shekara akwai mai cin ta. Ba dai wanda ya yi huɗa da firi da maimai ba.

Manomin ya san wannan lissafi sarai, ya ma fi mai biro saninsa. Da so samu ne, da ya zuba hatsinsa a rumbu ya jira watan Yuli. Amma tun kafin girbi an riga an ci wani kaso na amfanin. Wanda ya ba shi taki bashi yana jira. Mai kantin maganin da ya ɗaga masa ƙafa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da yara a tsakiyar damina yana jira. Ga auren 'ya da aka ɗage sai kaka. In ka tambaye shi yaya noman bana, amsar ba ta wuce, "Alhamdulillahi, an samu na rufin asiri." Rufin asiri kuwa ba ya sayen shanun huɗa, ba ya haƙa rijiyar noman rani, ba ya kai yaro jami'a.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Ɗanbatta mutum 207,968 a faɗin ƙasa murabba'in kilomita 732. In ka raba, kowane mutum ya tashi da kamar sulusin hekta, har da inda gidaje da hanyoyi da maƙabartu da burtali suka cinye. Daga lokacin zuwa yau an haifi wani zubin jama'a, ƙasar kuwa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, wanda ke duba abinci da lafiya da ilimi da ruwa da muhalli, ba kuɗin aljihu kaɗai ba. Mutum miliyan 133 ta samu a ciki, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya. A karkara kashi 72. Jihar Kano ita kaɗai tana da sama da miliyan 10, fiye da kowace jiha.

Amsoshi biyu ne suka fi yawo idan aka tambayi dalili. Ta farko ta wasu 'yan birni ce: mutanen ƙauye ba sa son canji, sun miƙa wuya, sai haihuwa ba lissafi. Wannan ba ta ma cancanci dogon musu ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoman wannan yanki suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba su bari ta mutu ba, ta hanyar takin gida, kiwon awaki da tumaki, haɗa gero da wake a kunya ɗaya, da barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona. Malalaci ba ya kai mangalar taki gona a tsakiyar zafin bazara. Amsa ta biyu ta zauren lacca ce: Turawa ne suka wawashe mu, shi ke nan. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta kai ƙarshen zance ba, domin Turawan sun naɗe tutarsu tun 1960. Tambayar da ta fi amfani ita ce, wane abu suka kafa da har yanzu yake aiki ba tare da su ba, kuma wa yake amfana da ci gabansa?

Haraji ne ya fara

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafi. Ya kimanta cewa Kano tana fitar da kayan saƙa da rini na aƙalla wuri miliyan 300 a shekara, suna kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Mafi yawan wannan aiki ba a cikin ganuwa ake yin sa ba. A ƙauyuka mata ke kaɗi, maza ke saƙa da rani, garuruwa irin su Kura ke rini da bugu. Wato baƙauye yana da hanyar samu biyu, gona da damina, sana'a da rani. Kada dai a ɗauka aljanna ce. Akwai bayi masu ɗimbin yawa a gandayen sarauta da rinji, akwai kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi, akwai yaƙi da hari. Talaka bai fara shan wuya da zuwan Nasara ba. Amma auduga ana noma ta a nan, a kaɗa ta a nan, a saƙa a rina a nan, kuma ladan kowane mataki yana tsayawa a nan.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, Lugga ya naɗa Sarki Abbas. Ba su da yawan da za su mulki miliyoyin mutane da kansu, saboda haka suka hau kan tsanin da suka tarar. Cikin 'yan shekaru aka umarci hakimai su bar birni su koma zama a gundumominsu, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa masu sarauta albashi daga cikin abin da suka tara. Ɗanbatta, mazaunin Sarkin Bai na Dambazawa, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, ta zama ɗaya daga cikin waɗannan gundumomi: hakimi a sama, dagatai a ƙarƙashinsa, masu unguwanni a ƙasa, kowa da jerin sunayen magidanta. Malamai suka bi gonaki suna aunawa da ƙafa don a yanka haraji. Abu mafi nauyi shi ne, sannu a hankali aka daina karɓar wuri ko dami ko tufa. Sai kuɗin Bature, sule da kwabo, kuma a lokacin kaka. Daga ranar da aka ce haraji sai da tsabar da ba ka iya ƙerawa ba, dole ka noma abin da mai tsabar yake so, ka kuma sayar masa a lokacin da ya ga dama.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga Turawa suka sa rai, don masaƙun Lankasha, amma masaƙan gida sun fi su biya, sai manoma suka zaɓi gyaɗa: tana son jigawa, tana gyara ƙasa, in ta ƙi sayuwa a ci. Jan Hogendorn, wanda ya rubuta tarihin wannan ciniki, ya nuna cewa fataken goro na Kano ne suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗin kafin alƙalami suna jawo manoma. A 1913 an fitar da kusan tan dubu 19 daga ƙasar da 'yan shekaru kafin nan ba ta fitar da tan dubu biyu. A wannan shekarar kuma ruwa ya ɗauke. Yunwar 1914, wadda wasu yankuna ke kira Kakalaba, ta kashe dubun-dubatar mutane a lardin Kano, musamman a gundumomin arewa masu ƙarancin ruwa. Fari ba baƙo ba ne a nan, amma Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Najeriya, ya kafa hujja cewa abin da ya canja shi ne garkuwar mutane: hatsin da a da ake ajiyewa na shekara biyu ko uku yanzu ana fitar da shi don biyan haraji. Aka sake yi a 1927, 'Yar Buhu, da 1942, 'Yar Gusau, a daidai lokacin da ake dibar ƙarti aikin dole a haƙar kuza a Jos saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Duba yadda aka shimfiɗa dogon ma ya isa bayani. Daga Legas zuwa Kano, reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani zuwa Nguru a 1930, duk wuraren ɗibar gyaɗa da auduga da fata. Ba a haɗa Kano da Katsina ba, ba a haɗa ta da Sakkwato ba, balle Damagaram, wadda yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka jefa wata ƙasa daban. Ɗanbatta tana kan tsohuwar hanyar Kazaure da Daura, hanyar da ayarin raƙuma ke bi zuwa Damagaram da Agadas. Alƙiblar ciniki ta juya kudu, ita kuwa ta zama wurin da jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, ke kwasar buhuna zuwa Kano.

A Kano ɗin, masu sikeli su ne kamfanonin Turai: Kamfanin Neja wanda ya narke cikin UAC a 1929, John Holt, G.B. Ollivant, da na Faransawa CFAO da SCOA. Sun sha haɗa baki su tsayar da farashi ɗaya. A ƙarƙashinsu akwai Kwarori da manyan attajirai irin su Alhassan Ɗantata, a ƙarƙashin waɗannan akwai 'yan baranda, kowa yana yankar nasa kafin a zo kan mai gona. Da kasuwar duniya ta rushe a farkon shekarun 1930, farashin gyaɗa ya faɗi da fiye da rabi, haraji kuwa bai bi shi ƙasa da wannan saurin ba. Dabarar da ta rage wa manomi ita ce ya ƙara faɗin gonar gyaɗa don ya samu sulallan da a da rabinta ke ba shi. A gefe guda kuma akoko da atamfar Manchesta suna cika kasuwa, masaƙin ƙauye yana rasa masu saye.

Buhu huɗu, ɗaya na hukuma

Hoton dalar gyaɗa shi ne abin da muke ɗagawa idan muna alfaharin da. Ya kamata mu riƙa kallonsa da ido biyu. Dalar nan, mai ɗaukar buhu kusan dubu 15 kowace, ta taru ne saboda jirgin ƙasa ya kasa kwashewa da wuri. Kuma a zamanin da ta fi tsawo ne aka fi tatsar mai noman. A lokacin yaƙi gwamnatin Ingila ta karɓe sayen amfanin gona, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya, a 1954 ta koma hannun Jihar Arewa. Hujjar kafa ta mai daɗin ji ce: a riƙe wani abu a shekarar da farashi ya yi kyau, a tallafa wa manomi a shekarar da ya faɗi. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya bi diddigin asusun daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, ya gano cewa in aka haɗa rarar da hukumar ta riƙe da harajin fitarwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa bai shiga ba. Wannan ban da harajin kai da jangali. Da farko an ajiye kuɗin ne a Landan, suna taimakon Ingila ta farfaɗo daga yaƙi.

A nan ne labarin ya daina zama na Turawa kaɗai. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, ba wanda ya rushe hukumar, domin ita ce rijiyar da gwamnati ke sha. Gaskiya ne an yi abubuwa da kuɗin: Masaƙar Kaduna ta 1957, Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962, hanyoyi, asibitoci, da karatun 'yan boko na farko. Ba na cikin masu raina wannan. Amma a dubi inda aka gina su da waɗanda suka shiga cikinsu. Jikan wanda aka riƙe wa buhu ɗaya cikin huɗu a Ɗanbatta ko Makoɗa ko Ɓaɓura, sau nawa ya ga cikin jami'ar da gyaɗar kakansa ta gina? Masanan nan uku da suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2024, Acemoglu da Johnson da Robinson, sun yi suna ne da wannan batu: tsarin da aka kafa don kwasa ba ya mutuwa da tafiyar wanda ya kafa shi, saboda magajinsa yakan tarar yana da amfani. Talakawan Kano ba su jira Nobel ba kafin su gane haka. Ranar 8 ga Agustan 1950 mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da wani saurayi ɗan garin Ɗanbatta, Magaji Ɗanbatta, kuma abin da jam'iyyar ta sa a gaba shi ne zaluncin En'e, haraji, da aikin tilas a gonakin masu sarauta.

Wani gadon da aka bari shi ne na makaranta. Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, amma manufar ita ce samar da 'ya'yan sarakuna masu iya lissafin haraji da malaman ofis, ba ilimantar da jama'a ba. A 1957, saura shekara uku a samu 'yancin kai, ɗaliban sakandare a duk faɗin Arewa ba su kai dubu huɗu ba, na Kudu sun haura dubu 28. Ilimin allo da na zaure, wanda ya game ko'ina, aka bar shi ba albashi ba takardar shaida, kamar ba ilimi ba. Shirin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara kafin a samar da malamai. Har yau magidanci a ƙauye yana yin lissafinsa: yaron maƙwabci ya yi shekara shida a firamare bai iya karanta wasiƙa ba, wanda ya iya ɗin kuma ya gama sakandare yana zaune. In ya tura nasa almajiranci da rani, an rage baki ɗaya a kan rumbu. In 'yarsa ta ɗauki tallan ƙuli-ƙuli, da ribar uwarta za ta yi mata kayan ɗaki. Ana iya ƙin wannan shawara, amma ba a ce babu hankali a cikinta ba.

Da mai ya zo

Manomi ya kasance saniyar tatsa har zuwa farkon shekarun 1970; daga nan aka samu wata saniyar, aka saki tasa ba ko harawa. Abubuwa uku suka haɗu. Farin 1972 zuwa 1974, cutar da ta ƙone gyaɗa a 1975, da tashin farashin man fetur daga 1973. Najeriya, wadda a shekarun 1960 ta fi kowace ƙasa fitar da gyaɗa, ta koma sayen man girki daga waje. Kuɗin mai ya ƙarfafa naira har dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, shinkafa da alkamar waje suka fi na gida araha, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ja matasa birni.

Ba a ce ba a yi komai ba. Audu Baƙo, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ya fahimci cewa maganin fari ruwa ne, ya dasa harsashin madatsun ruwa da dama, Tiga ce babbarsu. Madatsar Tomas da ke nan yankin tana cikin 'ya'yan wannan yunƙuri, kuma a kusa da ita Kwalejin Aikin Gona mai ɗauke da sunansa take. A farkon shekarun 1980 aka kafa KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Kano, da rancen Bankin Duniya, Ɗanbatta ta zama hedikwatar ɗaya daga cikin shiyyoyinta. Sai dai yawancin madatsun Kano ba a taɓa noma duk filin da aka tsara musu ba, malaman gona kuma suka yi ta raguwa bayan rancen ya ƙare. Daga tarayya kuwa sunaye ne suka yi ta sauyawa: Ciyar da Ƙasa a 1976, Juyin Noma na Shagari a 1980, DFRRI a 1986, NAPEP a 2001, rancen manoma na Babban Banki a 2015. Kowanne da bikin ƙaddamarwa, kowanne da takin da ke isowa bayan an yi maimai, ta hannun wanda ya san wani.

Wanda ke ganin wannan ƙaddarar duk ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka ce, ya dubi Indunusiya. Holan ta mulke ta tsawon lokacin da ya ninka namu, ta tilasta wa manoman Jawa noman rake da kofi. Indunusiya tana da mai kamar mu, jama'a birjik kamar mu, gonaki ƙanana fiye da na Kano, soja a kan mulki, kuma shugabanta Suharto bai bar wa kowa cin hanci ba. Amma da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970, gwamnatinsa ta zuba kaso mai tsoka a karkara: gyaran hanyoyin ban-ruwa, taki mai rahusa da ke isa kan lokaci, bashin noma, da hukumar Bulog wadda ke sayen shinkafa idan farashi ya faɗi ƙasa da wani mizani a lokacin girbi. Tsakanin 1973 da 1978 aka gina firamare sama da dubu 61. A 1984 ƙasar da ta fi kowa sayen shinkafa daga waje ta ciyar da kanta. Ba tausayi ne ya sa su ba. Tsoron boren manoma ne. Namu shugabannin ba su taɓa jin wannan tsoron ba, sun fi tsoron ma'aikata da ɗalibai da barikin soja, shi ya sa araha a birni ta fi riba a ƙauye muhimmanci a wurinsu.

A 1986 gwamnatin Babangida ta rungumi shirin SAP bisa shawarar Bankin Duniya da Asusun Lamuni, aka rushe hukumomin ciniki. Ba wanda ya yi kukan rabuwa da su. Amma an gudu ba a tsira ba: babu mai riƙe buhu ɗaya cikin huɗu, babu kuma mai tsayar da farashi ko tantance ingancin kaya, naira ta fara gangarowar da ta kai ta sama da 1,500 a dala a 2024. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda ya kamata su ɗauki yaran da gona ta yi wa kaɗan, suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da kwararar kayan waje. Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin, a garin da Barth ya ga yana fitar da tufafi har Timbuktu da Tarabulus. Kuɗin da za a gyara wuta da makarantu kuwa bashi ya yi ta ci, har 2005 da Ƙungiyar Paris ta ƙasashe masu bin bashi ta yafe dala biliyan 18 bisa sharaɗin a biya ta kusan biliyan 12.

Gonar da ake rabawa

Yau a ƙauyukan Ɗanbatta gandu ya zama tarihi a gidaje da yawa. Uba ya rasu, a raba gona bisa shari'a, 'ya'ya su samu 'yan kunyoyi. Su ma su rasu a sake rabawa. Ba rabon gado ne laifi ba. A ƙasashen da suka fita daga talauci, ɗa ɗaya ne ke zama a gona, sauran masana'anta ta kwashe su. A nan sai cin rani: ga-ruwa, gadi, yankan farce, turin baro, acaɓa. Acaɓar ma Kano ta hana ɗaukar fasinja tun 2013, Legas ta bi da nata takunkumin a 2020 da 2022. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar sama da shida, ya kuma nuna fiye da yaro ɗaya cikin shida ba ya kai shekara biyar. Masu zagin adadi na farko ba su cika ambaton na biyu ba, alhali uwar da ta binne biyu ba za ta tsaya a uku ba.

Polly Hill, Baturiyar da ta zauna a Ɓatagarawa ta Katsina da Ɗorayi ta Kano tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, ta lura da wani abu da duk ɗan ƙauye ya sani: akwai talaucin da ke hana mutum noma. Wanda rumbunsa ya ƙare a watan Yuni dole ya tafi ƙwadago gonar mai hali don a ɗora tukunya yau, tasa gonar ciyawa ta cinye, amfaninsa ya ragu, baɗi rumbun ya ƙare tun Mayu. Daga nan sai cin bashin hatsi a biya ninki da kaka, sai jinginar da gona, sai sayarwa. Mai sayen kuwa sau da yawa ba maƙwabci ba ne, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci ko ɗan siyasa daga birni.

Gyaɗa ta ja baya, amma hanyar da ta bi tana nan. Riɗi da zoɓo da waken suya da citta suna taruwa a Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma, a tankaɗe, a ɗura a kwantena, riɗi ya nufi Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo ya nufi Meziko. Fatar akuyar da aka saya a kara ana jeme ta rabi a Kano, a ƙarasa ta a Italiya ko Sifen, inda ake yanka jaka da takalmi. Tun 1950 Raúl Prebisch da Hans Singer suka yi gargaɗin cewa mai sayar da ɗanyen kaya yana sayen sarrafaffe, a tsawon zamani shi ne a ƙasa. Ga wani abin lura: tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata, Aliko Ɗangote, ya buɗe kamfanin takin yuriya mai iya fitar da tan miliyan uku a shekara a Legas a 2022, kuma kaso mai yawa jirgin ruwa ke kai shi Burazil da Amurka, inda ake biya da dala. Ba laifinsa ba ne, ɗan kasuwa inda kuɗi yake yake bi. Amma a 2024, bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 da sakin naira, buhun taki ya haura naira dubu 30 a kasuwannin Kano. Da tsadar abinci ta tayar da hankalin birane, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da hatsi ba haraji, farashin masara da shinkafa ya faɗo a 2025, na taki bai biyo shi ba. Wanda ya sayi taki da tsada ya sayar da hatsi da araha, shi ya biya kuɗin kwanciyar hankalin birni.

Da Abubakar Rimi ya hau mulkin Jihar Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, ya cika alkawarin da NEPU ta ɗauka shekara kusan talatin kafin nan. Adalci ne, kuma tsofaffi ba su manta ba. Sai dai akwai wani abu da ya biyo baya wanda ba a yi niyya ba. A zamanin haraji hukuma tana da sunan kowane magidanci, domin tana buƙatar kuɗinsa. In damina ta lalace, Baitulmali ma ya ji a jikinsa. Yau kuɗin ƙaramar hukuma daga Abuja yake zuwa kowane wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, kuma shekara da shekaru yana biyawa ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni. Shugaban da albashinsa bai dogara da amfanin gonar kowa ba, kujerarsa kuma daga gidan gwamnati aka ba shi, ba shi da dalilin damuwa da ko taki ya iso. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, amma aka shafe sama da shekara ana jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Yanzu dogo zai ratsa Ɗanbatta a karon farko. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya karɓa a kan kusan dala biliyan biyu, ta Ɗanbatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Zai iya rage kuɗin dakon hatsi da dabbobi, ya kuma sake ɗinke Kano da 'yan uwanta na ƙetaren iyaka, in har ba a sake garƙame iyakar ba kamar yadda aka yi a 2019 da 2023. Amma babbar hujjar da jami'an gwamnati suka riƙa bayarwa lokacin da ake sukar aikin ita ce, zai janyo kayan da Nijar ke fitarwa ta Kwatano da Lome su koma bi ta tashar jiragen ruwa ta Legas.